Fuskar da ke Cikin Fasfon Baba Kafinta

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai suranta bayi yadda Ya so, Mai sauya kamanninsu lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen labarin maƙwabcinmu ne da kowa ke kira Baba Kafinta. Ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin zarto da ƙusa, yana ƙera gadaje da ƙofofi a rumfar bayan gidansa. Mutum ne mai jiki, mai cikar gemu, wanda ganin jami'i cikin kaki kaɗai kan firgita shi.

Da ciwo ya kama shi, 'ya'yansa suka kai shi wata ƙasa neman magani, babbar 'yarsa tana jinyarsa. Maganin ya zubar masa da gemu da gira, ya zuƙe naman fuskarsa, har ya daina duba madubi. Daga ƙarshe likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu. Bai roƙi komai ba sai a mai da shi gida, ajali ya same shi cikin iyalinsa. Filin jirgin sama kuwa yana wani birni mai nisa, sai ta jirgin ƙasa, kuma a can ba a sayar wa baƙo tikiti sai ya nuna fasfonsa.

A tasha, mai sayar da tikiti ta buɗe fasfon a bayan gilashi. Ta dubi hoto, ta dubi tsoho, ta sake duban hoto, sannan ta ɗaga waya.

"Me ta ce, 'yata?"

"Wai ba kai ba ne, Baba."

"Inna lillahi! To wane ne ni?"

Wani jami'i ya iso, ya karɓe fasfon, ya nuna musu benci. Baba Kafinta ya zauna. Ya riƙe gefen bencin yana jin ana shelar jirginsu, yana ganin kansa a ɗakin tsare baƙi, ya cika a can, a binne shi inda ba mai sanin kabarinsa.

'Yar ta ciro wayarta. Ashe tun zuwansu takan ɗauki hotonsa a gadon asibiti, ta aika wa mahaifiyarta. Ta shiga nuna wa jami'in ɗaya bayan ɗaya: ga shi da gemu, ga gemun ya yi sharashara, ga kumatu sun faɗa. Tsohon ya leƙa ta kafaɗarta, ya ga abin da ya daɗe yana gudun gani.

"Ashe haka na koma? Ke kuma kika yi ta tura wa uwarki wannan dodon?"

"Ita ta matsa, Baba."

Jami'in ya daɗe yana kallon hoton ƙarshe. Ya miƙa wa mai tikiti fasfon, ya ce ta ba su tikiti, sannan ya ɗauki jakarsu da kansa har ƙofar tarago. Tsohon bai saki hannun 'yarsa ba sai da jirgi ya motsa.

Ya iso gida, ya kwana cikin iyalinsa, kuma a ɗakinsa ya cika ba da daɗewa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya haskaka fuskarsa ranar tsayuwa. Amin.