Bargunan da Baba Makulli Ya Ajiye

Tun da aka danƙa masa ɗakin ajiyar coci, sunansa na ainihi ya ɓace, kowa sai Baba Makulli. Tsohon tela ne, mai tattali har abin ya yi yawa, ko guntun zare ya faɗi ƙasa sai ya tsince ya naɗe. Makullan kuwa a ƙugunsa suke wuni, matarsa tana yi masa tsiya wai ko wanka da su yake shiga.

Abin alfaharinsa dilar barguna ce da wata ikilisiya ta aiko don marasa ƙarfi. Ya jingine ta a lungu, ya lulluɓe da leda, ya ƙi yanke igiyarta. A ganinsa, ana kwancewa za su watse. Kowa ya zo roƙo amsar ɗaya ce: "Kayan Ubangiji ne, ni zai tambaya. Bari a samu mai tsananin bukata."

Haka ya faɗa wa matar wani kafinta, a daminar da mijinta yake kwance da ciwon ƙirji. Ta ce, "To, Baba," ta juya. Ba a jima ba aka binne kafintan.

Da tsufa ya ci ƙarfinsa sai ya nemi ya sauka. Ranar Lahadi bayan sujada ya kira fasto da dattawa, jama'a na biye, ya buɗe ɗakin yana murmushi.

"Ga amana, yadda aka ba ni ita."

Fasto ya yanke igiyar. Dilar ta rufta, jar ƙasa ta zubo har kan takalmansa. Ashe gara ta ɓullo ta daɓe, ta cinye cikin tas, na waje kawai ta bari.

"Wayyo Yesu!" in ji matar Baba, ta ɗora hannu a ka.

Baba ya durƙusa yana tona ƙasar. Tsoro ne ya kama shi, ba kuma na dattawa ba. Shekara da shekaru yana shirya amsar da zai ba Ubangiji: ko ɗaya bai ɓata ba. Bai taɓa kawo wa ransa cewa za a tambaye shi wa ya rufa wa bargo ba.

Matar kafinta ta ratso mutane, ta sunkuya ta ɗauki wani ƙyalle da bai kai tafin hannu ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ni fa guda ɗaya na roƙa."