Allunan Robar Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a gaban aji ƙanwata ta kira ni ta ce Kawu ya cika. Ka rasu kana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar kwana tara.

Kawu, mutane sun san ka a ɗakin magani na asibiti, inda ka yi shekara talatin da biyar kana rubuta wa marasa lafiya yadda za su sha ƙwaya a jikin 'yan takardu. Da ka yi ritaya sai ka koma wa lambun bayan gidanka da wannan halin. Kakan yanka tsofaffin jarkokin roba ƙanana-ƙanana, ka fiƙe gindinsu, ka rubuta sunan iri da ranar shuka da alƙalamin da ruwa ba ya wanke tawadarsa, ka kafa a bakin kowane fangali. Inna, matarka, takan yi maka tsiya, wai ko kuɓewar ce za ta manta sunanta. Kai kuma ka ce ba kuɓewa kake tsoro ba, mai shukar kake tsoro.

Mu ma mun sha yi maka dariya. Ban san ni ce zan fi kowa cin moriyar allunan nan ba.

Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ni. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan saki, amma magana ta ƙi. In ga cokali, na san shi, na san amfaninsa, sunan ya maƙale. Ni da nake koyar da yara karatu, sai ga ni ina nuni da yatsa a ɗakina. Makaranta ta ba ni wata shida, in ban warke ba a sa wata a madadina. Masu zuwa dubiya sukan yi hirarsu a kaina kamar ba na wurin, har na daina fitowa falo.

Kai ba ka zo da jaje ba. Ka tsaya a ƙofar ɗaki ka ce, "'Yar nan, tashi. Idona ya yi rauni, ina neman mai rubutu."

Kowace safiya maigidana yakan sauke ni a gidanka. Ka ajiye min kujera a inuwa, ka miƙo allo ɗaya, ka tsinko ganye ka sa min a hanci, ka faɗi sunansa a hankali, ka jira. Ba ka taɓa ƙarasa min kalma ba, ko da zan yi minti biyar ina kokawa da ita. A mako na uku na ce "alayyafo". Ka ce ba ka ji ba. Sau huɗu ka sa na maimaita, sai daga baya Inna ta gaya min tun na farko ka ji.

Akwai ranar da na rubuta tattasai a fangalin attarugu. Ka gani, ka bar shi a haka. Da ya nuna, Inna ta bi allo ta tsinko cikin hannu ta zuba a tukunya. Ranar kowa ya ci abinci yana hawaye, kana ta kurɓar ruwa kana cewa, "Malama ce ta rubuta, wa ya isa ya yi gardama?" Dariyar da na yi ran nan ita ce ta farko tun da na kwanta.

Daga sunayen ganye muka koma ranakun mako, daga nan lambobi, har ka fara sa ni in karanta maka bayanin da ke jikin fakitin iri. Kuma ashe idonka lafiya lau yake. Na gane haka ranar da na same ka kana zura wa Inna zare a allura ba tabarau.

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adina ya cika na koma aji. Na kira sunayen yara arba'in da biyu, na yi tuntuɓe a uku kawai. Da na zo na gaya maka, ka juya baya kana gyara tiyon ban-ruwa, ka daɗe a haka, sannan ka ce Asabar in zo da wuri akwai dashen albasa.

Na yi ta shirin in zauna in gode maka sosai, kullum ka kawar da zancen. Yau na rubuta, tunda ba ka nan balle ka hana ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da mahaifiyata wadda ta rasa yayanta. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Duk kalmar alheri da ta fita daga bakina, da duk yaron da ya iya karatu a hannuna daga yau, Allah Ya kai ladan gare ka. Amin.