Takardar Injiniyanmu Ta Ƙare a Hannuna

Lokacin da nake aiki a ofishin wani ƙaramin kamfanin fasa dutse a unguwar Laranto, ni ce mai kula da fayil ɗin ma'aikata. Baƙo ɗaya ne a cikinmu, wani injiniya Ba'indiye mai furfura. Shi kaɗai ya san kan babban injinmu da ke bayan gari.

Wata Litinin ina gyara durowa na buɗe fayil ɗinsa, sai na ga takardarsa ta izinin zama da aiki ta ƙare tun kwana tara. Ni a zatona sai wata mai zuwa. Na karanta sau uku.

Na shiga wurin oga na faɗa masa. Ya ce, “Hajiya, wa ya sani ban da ni da ke? Injin ya tsaya, jibi zan tura injiniya ya gyara.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, laifina ne. Amma in aka tare shi a hanya, kamfani za a tuhuma, shi kuma ana iya cewa ya tattara ya koma ƙasarsu.”

Ya ce in je in gyara abin da na ɓata.

Washegari na tafi ofishin shige da fice na faɗi gaskiya. Suka gaya mini abin da zan kawo, suka ce kada injiniya ya taɓa aiki sai an sabunta. Mako uku na yi ina zirga-zirga. Yau wanko hoto a kasuwar Terminus, gobe wasiƙar kamfani, jibi in koma don hatiminmu bai fito sosai ba. Ko abinci nake ci waya tana hannuna. Direbobin tifa suna zaune a bakin ƙofa ba lodi, in na wuce su bi ni da ido.

Injiniya ma zama ya gagare shi. Ya shigo, ya leƙa taga, ya fita, ya dawo. Da 'yar Hausarsa yake tambaya, “Madam, yaya takarda?” Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi damuna.

Ranar da takardar ta fito ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na miƙa masa, ya duba, ya sa a aljihun gaba, ko zama bai yi ba ya haye mota sai wajen injin.

Oga bai sake tayar da maganar ba. Amma na fi wata biyu gabana yana faɗuwa duk sanda ya ce in zo.