Iskar Tekun da Muka Je Nema a Ikko

Da mun tafi Ikko da damina kamar yadda ɗanmu ya ce, da Malam yana zaune a zaurensa yanzu? Na san in kwana ya ƙare ya ƙare, liman ma ya tuna mini ranar uku. Amma tambayar ta ƙi barina. Ku matan da kuke shigowa ta'aziyya kuna cewa in ba ku labarin teku, ga shi nan, ina faɗa ana rubutawa, don ni ban iya rubutu ba.

Malam ya daɗe da ciwon fuka. Ɗanmu mai sayar da shanu a Ikko ya aiko tun ana shuka cewa mu taho, akwai likitan ƙirji, kuma iskar teku za ta buɗe masa numfashi. Malam ya ce wane mahaukaci ke barin gona da damina? A wurinmu damina lokacin laka ce da zazzaɓi, tafiya sai kaka ta wuce. Ni ma na goyi bayansa, kar in ɗora masa shi kaɗai. Ga shi bana ruwa ya ɗauke da wuri, geron da muka tsaya dominsa ko rabin rumbu bai kai ba.

Mun tashi da asuba daga Bukkuyum bayan an gama kai amfani gida. A Daki Takwas muka jira motar shanu da ta taso daga Gummi, direba ya ba mu gaba saboda tsufa. Hanyar Zuru duk ramuka, shanu na dukan katako a bayanmu, Malam na ta yi musu magana kamar nasa ne. Muka kwana Kontagora. A gadar Jabba na rufe ido har muka ƙetare, shi kuwa yana mini dariya. Daga Ilori iska ta fara nauyi, gumi ya daina bushewa. Aka kawo mana teba da miyar manja, barkononta ya sa ni hawaye, Malam ya cinye nasa ya haɗa da nawa. Ruwan sha ma can saya ake yi, ku ji fa.

To, Ikko. Ni dai iskar da aka yi ta yabo ban gan ta ba. Ɗakin ɗanmu yana kusa da kara, kasuwar shanu, inda ake babbake kawunan shanu da tsofaffin tayoyi. Da safe wani hazo mai laima yakan taso daga tafkin da ya kewaye garin, ya danne hayaƙin tayoyi da na motoci a daidai hancin mutum. In na shanya zane, ya wuni bai bushe ba, kuma ya dawo da baƙin ɗigo-ɗigo. Kwana biyu kacal ƙirjin Malam ya fara kuka kamar ɗan kyanwa.

Wata tsohuwa 'yar Anka da ta daɗe tana sayar da goro a can ita ta buɗe mini ido. Ta ce, "Yaya, mi ya kawo ku yanzu? Wanga gari da damina ake shan iskarsa. Lokacin iska na tasowa daga teku da ƙarfi, ruwa na wanke sama kullum. Da ruwa ya ɗauke sai ta yi sanyi, ga gari a kwari tsakanin ruwa da ruwa, hayaƙi ba ya da inda zai je."

Na juya ga ɗana, ya ce, "Inna, ai na ce ku zo da damina."

Na ce, "Ka ce mu zo, amma ka ce don mi sai da damina?"

Rana ɗaya muka kai shi bakin teku da la'asar. Ruwa ba iyaka, yana ta tasowa yana faɗuwa, ni tsoro ma ya ba ni. Amma can iska take, mai gishiri, mai sanyi. Malam ya cire hula ya zauna a yashi, na ga ƙirjinsa ya cika har ƙasa, abin da na shekara ban gani ba. A hanyar komawa motoci suka cushe, muka tsaya bayan wata babbar bas tana feso mana hayaƙi har magariba. Abin da teku ta ba shi, titi ya karɓe.

Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce a nisanta shi da hayaƙi ko a jira saukar ruwa. Ruwan kuwa saura wata huɗu. Malam ya ce gida.

Mun dawo a kwance yake, kansa a cinyata tun daga Kontagora. Abin da na koyo bai da yawa: kowane gari da lokacin iskarsa, mu kuma muka ɗauki lissafin gonarmu muka kai bakin teku.

Kwana uku da isowarmu, bayan azahar, na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki. Ina yi masa fifita ina mita, ina lissafa masa taurin kansa tun daga shuka har Ikko. Ya buɗe ido ya dube ni, har da ɗan murmushi.

Ya ce, "Ke dai kin cika faɗa. Matsa can, kin tare mini iska." Maganarsa ta ƙarshe ke nan.