Mutum Bakwai da Suka Ɓace a Hanyar Ɗan Issa

Maman ɗan kamasho ne a tashar Madarounfa, shekara ashirin yana cika motocin Ɗan Issa, kuma da wannan aikin yake ci da 'ya'ya tara. Sirrinsa ɗaya ne. Fasinja ba ya shiga motar da ba kowa, don haka kullum sai ya zaunar da wasu zauna-gari-banza bakwai a ciki, har da ƙullin kaya a cinya. Fasinjan gaske na zuwa, su kuma suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

A 1996 wani proje na raya ƙasa ya turo injiniya mai suna Hassan da ordinatar, wato kwamfuta, wai zai gina tashar a cikin na'ura: shigowar mota, hawan fasinja, tashi, kowanne da mintinsa. Wani abokin aikinsa yana yin irin haka a Ɗan Issa. Hassan ya yi wata guda da biro a hannu, duk wanda ya sa ƙafa a mota ya rubuta shi. Masu sauka kuwa bai ƙirga ba, tunda a makarantarsu ba a sauka kafin a tashi.

Ranar da aka haɗa lissafin na'urorin biyu, sai ga abin kunya. Mutum ashirin da biyar ke hawa motar direba Sa'idu a Madarounfa, sha takwas ke sauka a Ɗan Issa. Masu ilimin nan, maimakon su tambayi ko da mai sayar da goro, sai suka rubuta cewa mutum bakwai na ɓacewa a hanya kowace tafiya. Jandarmomi suka zo suka tafi da Sa'idu.

Maman ya yi kwana biyu bai iya cin tuwo ba. A na uku ya je ya sami Hassan a gaban shugaban sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ya ce:

"Ranka ya daɗe, mutanenka ba su ɓace ba. Ga su can gindin bishiyar bedi suna dara."

Hassan ya ji daɗi ƙwarai, ya ƙara wa masu sauka akwati guda a zanen tashar da ke cikin na'urarsa. Shugaban sandika, wanda da motarsa aka fara wannan dabarar, ya rantse bai taɓa jin irin wannan ha'inci ba, ya kori Maman daga aiki a wurin.

Ni mai ba ku labarin nan, har yau abin na ci mini rai. An saki Sa'idu da la'asar, ya wuce Maman a bakin tasha bai ko ɗaga masa hannu ba.