Ranar Da Dionis Ya Rufe Mini Baki

Ku da kuke karanta wannan, ku tsaya in ɗaura muku kacici-kacici kafin hawaye su ɓata mini takarda. Mene ne abin da dubban mutane ke kallo da rana tsaka, kowa ya san sunansa amma ba mai faɗa, mai yin sa kuma a guje shi kamar mai ƙyanda? Ku riƙe ta tukuna.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, jikana Dionis Berroa ya rasu a wani asibiti a San Pedro, yana da shekara talatin da huɗu. Zazzaɓin dengue ne ya ɗauke shi. Ni ce kakarsa Inocencia, wadda duk ƙauyenmu na masu yankan rake ke kira Mamá Chencha. Aji uku na yi a makaranta, wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Dionis, da kai nake.

Uwarka ta tafi aikatau babban birni ta ajiye mini kai ko zama ba ka fara ba. Ka taso dogo, siriri, ga kunnuwa kamar faifai, shi ya sa na sa maka Karan Rake. Kai kuma da bakinka ya buɗe ka sa mini Rediyo. Sai in ina cikin ba maƙwabta labari ka zo kana laluben bayan wuyana, wai kana neman inda ake rage murya. Da murfin kwalba ka fara jifa, abokinka Fausto yana bugu da sandar tsintsiyata. Ban san iyakar tsintsiyar da kuka guntule mini ba. Mangwaron maƙwabta kuwa, in ya nuna to ya shiga uku.

Da Amurkawa suka ɗauke ka wasan besbol, abu na farko da ka yi shi ne ka sauke rufin ɗakina da ke yoyo ka ɗora sabon kwano. Duk zuwan da za ka yi sai ka cika jaka da takalman wasa ka raba a ƙauye. Man zafin da likitocinsu ke ba ka don kafaɗarka, gwiwoyina ne suka shanye rabinsa. Ka durƙusa kana shafa mini, ni kuwa ina ta ce maka hannunka sanyi kamar na kwaɗo. Ban taɓa yaba maka a gabanka ba. Haka muke ni da kai. In mutane sun ce jikana gwanin jifa ne, sai in ce wannan da ko kaza ba ya iya jifa ta faɗi?

A can ba ka kai babbar gasarsu ba, a ƙananan ƙungiyoyi ka yi ta yawo. Amma ƙarshen kowace shekara kana dawowa ka yi wa ƙungiyar garinmu wasa, Fausto na tsugune bayan mai bugu yana cafke ƙwallon da ka jefa. Wata Lahadi a watan Disamba ka matsa sai na je fili, ka samo mini kujera daidai bayan bencinku. Na je da niyyar in yi maka tsiya da babbar murya.

Wajen zagaye na shida na ɗaga kai na dubi allon maki. Layin ƙungiyar da ta zo mana baƙunta sifili ne a jere, kamar ƙwai a tire. Na san al'adar sarai, tun ina yarinya na san ta. In mai jifa ya kama hanyar wannan abu ba a ambatonsa, ba a yi masa magana, ba a ko zama kusa da shi, don kada baki ya karya shi. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kai jama'a, ashe har yanzu ba wanda ya..." Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ban taɓa gani ba, ya cusa mini soyayyar ayaba a baki.

"Doña, uwata, don girman Allah ki ci! Ki ci ki yi ta ci, ni zan saya!"

Na ci. Na leƙa bencinku na gan ka can ƙarshe kai kaɗai, tawul naɗe a hannunka. Fausto, wanda kuka kwana tabarma ɗaya da shi, ya koma ɗaya ƙarshen yana kallon takalminsa. Mai sharhi a rediyon da dattijon ya manna a kunne ya koma zancen gajimare. Filin nan da kullum ba a jin kunne don ganga da ƙaho ya yi tsit, har ina jin ƙarar ƙwallo tana shiga safar hannun Fausto. A zagaye na tara, mutum na ƙarshe wani ƙato ne mai wuya kamar na sa. Ya maka wa ƙwallon sanda ta tashi sama, ta daɗe a can har na gama addu'a guda, sannan ta sauko cikin hannun ɗan wasanmu. Bugun da aka cafke a sama ba ya ci, wasa ya ƙare. Mijina Eusebio ya yi shekara saba'in yana bin wasan nan, ya mutu bai ga irin wannan rana ba. Ni da na je tsiya na gani.

Da abokan wasanka suka sauke ka daga kafaɗunsu ka zo ka miƙo mini ƙwallon.

"Kaka, yau abin tarihi biyu aka yi. Ni na yi nawa, ke kuma kin yi shiru. Naki ya fi wuya."

"Tafi can, Karan Rake. Sa'a ce. Makafi suka turo maka."

Ka yi dariya har kunnuwan nan suna motsi.

Bayan nan kafaɗa ta ƙi, ka dawo gida gaba ɗaya. Ka auri Yudelka, kuka haifi Milagros, ka koma tuƙa motar rake ba ka taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Tsofaffi masu buga domino a gindin bishiya har gobe in suna lissafa manyan ranakun wasa sai sun sako taka.

A asibiti jikinka ya yi ta ci kamar murhu. Sai wata safiya Yudelka ta ɗora hannu a goshinka ta ji sanyi. Ta dube ni, na dubi Fausto. Ba wanda ya ce uffan. Fausto ya tashi daga bakin gadonka ya koma ƙarshen bencin baranda. Likita ta gaya mana cewa wannan zazzaɓi mayaudari ne, saukarsa ce ma abin tsoro, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Amma mu mutanen wasa ne. Mun ga abu ya kama hanya, sai muka yi abin da muka sani. Maganar da na zo da ita daga gida na haɗiye ta, na ce sai mun fita ƙofar asibiti.

Ka buɗe ido ka bi mu da kallo.

"Rediyo, wuta aka ɗauke ne? Ko dai ina cin wasa?"

Na cusa gefen ɗankwalina a baki. Na ja kunnenka kawai. Washegari da hantsi ka tafi.

Shirun da ya yi aiki a fili bai yi a can ba. Fada ya ce mini kana inda ya fi nan. Na ce masa na ji, amma ni ina nan. Tsohuwa ce ya kamata a saka a rami, kai ka riƙe akwatin kana cewa yau rediyo ta mutu. Yanzu maƙwabta na shigowa suna roƙo in ba su labari, na rasa wanda zan tsokana. Kwalbar man zafi na nan a taga, na kasa buɗe ta. To ga maganar, ko da yake ba kunnen da zai ji. Ba sa'a ba ce, Dionis. Kuma ba makafi ba ne. Na kalli kowace jifa, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka mangwaron mutane da duk abin da ya fi shi, ya sa haske a makwancinka. Yudelka 'yata, Allah ya ba ki haƙurin da ni na rasa. Milagros, ƙwallon na kusa da kyandir a ɗakina, taki ce. Dionis, uwarka da ta iso an riga an rufe ka, da Fausto da har yau bai iya shigowa gidan ba, da duk wanda ya zauna da mu addu'ar kwana tara, Allah ya saka, ya sanyaya zukata.

Amsar kacici-kacicin kuwa ita ce wasan da mai jifa ya yi zagaye tara bai bar kowa ya samu bugun da ya ci ko ɗaya ba. Ba a faɗin sunansa sai an gama. Dionis Berroa ya yi shi sau ɗaya, kuma an gama.