Kwat Ɗin Bernard Mai Hoto

Bernard ya buɗe shagon hoto a Bagadaza shekarar da aka sami 'yancin kai, da kyamara mai ƙafa uku da baƙar kwat ɗaya tal. Shi bai taɓa sa ta ba, tumbinsa ya fi ƙarfinta. Ta leburori ce masu son aika hoto gida. Sai ya zura wa mutum ita, ya ce, "Ɗaga kai, yau kai ne babban akawu."

Matarsa Hilda takan ce ƙarya yake sayarwa. Shi kuwa cewa yake ɗaukaka yake ba talaka aro na minti biyar, ina laifi? Mutumin kirki ne Bernard, sai dai ba a kayar da shi a musu.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo, wata safiya Jalo, ɗan dako a injin gurzar auduga, ya faɗo shagon yana haki. Mahaifiyarsa Inno ta sauka a tasha da hotonsa na cikin kwat ɗin a hannu, ta zo ganin ofishinsa.

"Baba Bernard, ka rufa min asiri. Ara min kwat ɗin na yini ɗaya."

Tausayi ya kama Bernard. Yana cikin saka masa maɓalli sai ga tsohuwar a bakin ƙofa, ashe ta biyo sawun ɗanta. Jalo ya sunkuyar da kai, kunya kamar ya nutse.

Inno ta shafa hannun kwat ɗin, ta ce, "Sannu, 'yar gari. Gida bakwai ke nan kin shiga a ƙauyenmu. Har ɗan maƙwabciyata, wanda bai kai kafaɗar Jalo ba, ya sa ki."

Bernard ya buɗe baki zai yi musu, ta tari numfashinsa.

"Ba faɗa na zo yi ba, ɗana," in ji ta. "Cire masa. Ka ɗauke mu tare."

Da aka cire, kantar buhu ta fito baƙa wuluk a kafaɗun Jalo ta yagar rigarsa. Bernard ya miƙa hannu zai rufe wurin, Inno ta riƙe shi.

"Bar shi a gani. Wannan ce ta rufa min ɗaki da kwano."